Yadda Ake Bin Diddigin Kalmar "Ɗan Jamhuriya" Kafin a Rubuta Ta

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da fassarar labaran duniya, ko ɗalibin kimiyyar siyasa a Samaru da aka ba shi jinga a kan tsarin mulki, ko ɗalibin shari'a a harabar Kongo ta Zariya, ko malamin sakandare mai koyar da darasin gwamnati a Tudun Wada, ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmar da Turawa ke kiran mai goyon bayan jamhuriya da ita, wato "republican". Kalmar tana da sauƙin faɗa, amma tana yawan jefa mai fassara cikin kuskure, domin ra'ayin mutumin da ake kira da ita a Amurka yana iya zama kishiyar ra'ayin wanda aka kira da ita a Sifaniya, kuma dukansu biyu ba su da wata alaƙa da wanda ke amsa sunan a Ayalan ta Arewa. Wanda yake so ya rubuta ta da Hausa daidai sai ya san inda ta samo asali, da abin da take nufi a tushenta, da abin da kowace ƙasa ta ɗora mata daga baya.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne a raba binciken gida biyu, domin kalmomi biyu ne ake bin sawunsu, kowace da gidan da ta fito. Ta Turawa daga harshen Latin na tsofaffin Rumawa take, ita kuwa "jamhuriya" da muke faɗa daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma sai a ƙarnonin baya-bayan nan ne suka haɗu a kan ma'ana ɗaya. Yana da kyau a ware wa kowace shafinta a littafin rubutu tun daga farko, saboda wanda ya cuɗa su zai wayi gari yana jingina wa Larabawa abin da Rumawa suka faɗa.

A ɓangaren Latin, asalin kalmomi biyu ne, "res" da "publica". Ta farko tana nufin abu, ko al'amari, ko sha'ani, ta biyu kuma tana nufin abin da yake na jama'a, saboda haka idan aka haɗa su ma'anar ita ce sha'anin jama'a, kishiyar sha'anin gidan mutum na ƙashin kansa. Bisa tarihin da Rumawa suka ruwaito, a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suka kori sarkinsu na ƙarshe, suka maye gurbinsa da shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara, kowane ɗaya yana da ikon taka wa ɗan'uwansa burki. Wannan zamani ne masana tarihi ke kira Jamhuriyar Rum. Sai dai akwai abin da ya kamata a rubuta a gefen shafi: su Rumawa ba su keɓe wannan suna ga mulkin da babu sarki kaɗai ba, ƙasarsu da sha'aninta gaba ɗaya suke nufi da shi. Shi ya sa ko da Agustus ya tattara iko a hannunsa a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa ya yi sha'anin jama'a ya maido, kuma aka ci gaba da amfani da kalmar a ƙarƙashin sarakunan da suka biyo bayansa. Ma'anar "ƙasar da ba ta da sarki" daga baya ta kafu, a hannun marubutan biranen Italiya irin su Filorans da Benis, sannan ta shiga Faransanci da Ingilishi.

A nan akwai tarkuna biyu da ɗalibai ke yawan faɗawa. Na farko shi ne littafin Aflatun, masanin falsafar Girka, wanda Turawa da Larabawan zamani duka suke kira Jamhuriya. Sunansa na Girkanci tsarin zaman birni yake nufi, kuma ƙasar da ya zana a ciki masana falsafa ne ke sarautarta, don haka ba shi da hurumi a jerin hujjojin masu adawa da sarauta. Tarko na biyu yana Ingila. Bayan da aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a watan Janairun 1649, ƙasar ta zauna babu sarki har zuwa 1660, kuma sunan da suka ba wannan tsari shi ne "Commonwealth", wanda shi ma sha'anin jama'ar nan yake nufi da harshensu. A yau wannan suna ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ce ke ɗauke da shi, kuma Sarkin Ingila ne shugabanta. Wanda ya ga kalmar a littafin tarihin ƙarni na 17 ya fassara ta da ƙungiyar da Nijeriya ke ciki, ya yi nisa da abin da marubucin yake nufi.

A Faransa ne kalmar ta zama sunan ɓangare a fagen rikici sosai. An soke sarauta a watan Satumban 1792, aka kashe Sarki Louis na 16 a watan Janairun 1793, kuma tun daga lokacin har kusan ƙarshen ƙarni na 19 Faransawa sun rabu tsakanin masu son a dawo da gidan sarauta da masu son jamhuriya, mulki yana ta kai-komo a tsakaninsu. Wannan ne ya sa suke ƙidaya jamhuriyoyinsu, kuma wadda suke ciki yanzu ita ce ta biyar, wadda aka kafa a 1958.

Idan an gama da wannan shafi sai a juya ga na Larabci, kuma a nan mutumin Zazzau yana da sa'a, domin ba sai ya je nesa ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a cikin Birni bayan sallar asuba, malam yana kan buzunsa, ɗalibai sun kewaye shi kowa da littafinsa a cinya, ya san yadda karatun yake tafiya: ɗalibi ya karanto gaɓa ɗaya ta Larabci ya dakata, malam ya mayar da ita Hausa, a wuce gaba. Idan aka iso wurin da malamai suka yi saɓani a kan wata mas'ala, ɗalibi ya karanto "wa ƙalal jumhuru", sai malam ya ce "mafi yawan malamai suka ce". Wannan "jumhur" ɗin ita ce uwar "jamhuriya". Ma'anarta taron jama'a, ko mafi rinjayen mutane, ko mafi yawan kowane abu, kuma ta daɗe a kunnen Hausawa ta hanyar fiƙihu da tafsiri tun kafin a fara maganar tsarin mulki irin na zamani.

Domin tabbatar da wannan sai a nemi manyan ƙamusun Larabci, kuma akwai dabarar da za ta rage ɓata lokaci. Tushen kalmar haruffa huɗu ne: jim, mim, ha da ra. A tsohon tsarin Lisanul Arab na Ibn Manzur da Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, da harafin ƙarshe ake fara nema, saboda haka babin ra za a buɗe, sannan a nemi fasalin jim a cikinsa, sai dai idan bugun da ke hannu na zamani ne da aka sake jera shi da harafin farko. A can za a tarar cewa Larabawa suna kiran tarin yashi da ya ɗaga sama da abin da ke kewaye da shi da wannan suna, kuma aikatau ɗin da ya fito daga tushen tarawa yake nufi. Daga tushen ne kuma aka sami "jamhara", wadda Ibn Duraid ya sa wa ƙamusunsa a ƙarni na 10, yana nufin tarin mafi yawan kalmomin harshe.

Kuskuren da ya fi kowane yawa a wannan mataki shi ne a ɗauka cewa jamhuriya 'yar gida ɗaya ce da jama'a, da jam'iyya, da jami'a, da Juma'a. Waɗannan huɗun daga tushe mai haruffa uku suke, jim da mim da ain, kuma ko da yake su ma ma'anar taruwa suke ɗauke da ita, wurinsu daban ne a ƙamus. Kamannin sauti tsakanin kalmomi ba ya isa hujja a wannan fanni, sai an ga haruffan tushe sun yi daidai.

Ɗafin "iyya" da ke ƙarshen kalmar shi ne Larabci ke amfani da shi wajen ƙera sunan tsari ko aƙida, kamar yadda ake gani a hurriyya da dimokuraɗiyya, kuma irinsa ne a "mulukiya", wadda ta fito daga "muluk", jam'in sarki. Amfani da "jumhuriyya" a matsayin sunan tsarin mulki sabon abu ne idan aka gwada shi da tsufan "jumhur". Turkawan Daular Usmaniyya, wato ta Santambul, kada a rikita ta da tamu ta Sakkwato, sun riƙa kiran ƙasashen Turai marasa sarki irin su Benis da "jumhur", kuma bayan juyin juya halin Faransa sigar mai ɗafi ta bazu. Su ne kuma suka ɗora ta a kan ƙasarsu ranar 29 ga Oktoban 1923, a ƙarƙashin Mustafa Kamal, shekara guda bayan sun soke sarautar Sultan. Masar ta zama jamhuriya a watan Yunin 1953, Iraƙi kuma a watan Yulin 1958. Kalmar ta shiga Farisanci, ta shiga Swahili, inda har yau Kenya ke kiran bikinta na 12 ga Disamba da Ranar Jamhuri. Wanda yake son ganin kalmar mai goyon baya a bakin Larabawa sai ya duba yaƙin basasar Yaman ta Arewa na 1962 zuwa 1970, inda ɓangarorin biyu suka amsa sunayen "jumhuriyyun" da "malakiyyun", wato 'yan jamhuriya da 'yan sarauta. "Jamahiriyya" da Gaddafi ya raɗa wa Libiya a 1977 kuwa daga "jamahir" ya ƙera ta, jam'in "jumhur", da gangan domin ya bambanta tsarinsa da jamhuriya, don haka bai dace a fassara su da kalma ɗaya ba.

Mataki na gaba ya fi ɗaukar lokaci, kuma a ganina ya fi kowane daɗi, wato neman sawun kalmar a cikin Hausa kanta. Zariya ta fi kowane gari dacewa da wannan aiki, domin a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma daga nan mafi yawan littattafan Hausar boko na wancan zamani suka fita. A fara da ƙamusu, a bi su bisa shekarunsu: na Bargery na 1934, na Abraham na 1949, na Skinner na Turanci da Hausa, sannan Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A kowane ɗaya a duba kalmar da rubutu biyu, "jamhuriya" da "jumhuriya", a rubuta abin da aka gani da lambar shafi, kuma idan ba a ga komai ba shi ma a rubuta. Rashin kalma a ƙamus yana nuna cewa mai tattarawa bai shigar da ita ba, amma ba ya tabbatar da cewa ba a faɗinta a zaurukan malamai, musamman kalmar aro ta Larabci wadda bakin masu ilimi kaɗai take yawo.

Tsofaffin jaridu sun fi ƙamus ba da shaida, saboda suna ɗauke da kwanan wata. A tambaya a sashen tsofaffin jaridu na Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru, da Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ba a buɗe kundin jarida a fara daga shafin farko ana bin sa layi-layi, domin hakan zai cinye watanni. Dabarar ita ce a tafi kai tsaye ga makonnin da dole edita ya buƙaci kalmar: ƙarshen Janairun 1950, lokacin da Indiya ta zama jamhuriya, da Yunin 1953 saboda Masar, da Yulin 1958 saboda Iraƙi, da Disamban 1958 saboda Nijar, da Yulin 1960 saboda Gana, sai kuma Satumba da Oktoban 1963 saboda Nijeriya. A kowane wuri a lura ko marubucin ya kawo kalmar ita kaɗai, ko ya bi ta da bayani irin na "wato ƙasar da ba ta da sarki". Bayanin da ke biye da kalma alama ce cewa har lokacin baƙuwa ce ga masu karatu, kuma ranar da bayanin ya ɓace ita ce ranar da za a ce ta zama 'yar gari. Takardun sun tsufa, gefunansu sun yi ja suna karyewa da an ja su da ƙarfi, saboda haka a juya shafi da tafin hannu a hankali, a yi rubutu da fensir, a kuma nemi izinin ma'aikaci kafin a ɗauki hoto da waya. A kwafe jimlar gaba ɗaya yadda take, har da kurakuran bugu, tare da kwanan wata da shafi.

Rubutattun waƙoƙi su ne shaida ta uku, kuma a nan akwai hujjar da ba a tsallake ta. Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauci da ya taɓa koyarwa a Zariya, ya kuma rasu a 1958, ya yi waƙar da sunanta kaɗai ya ɗora tambayar a fili, wato Arewa Jamhuriya ko Mulukiya. Wannan ya nuna cewa shekaru kafin samun 'yancin kai kalmomin biyu sun riga sun zama makaman muhawara a Hausa. Amma a karanta ta da natsuwa kafin a yanke hukunci a kan marubucin. Da yake sunansa ya haɗu da tarihin jam'iyyar NEPU da gwagwarmayar talakawa, da yawa suna zaton jamhuriya ya zaɓa, alhali waƙar gargaɗi ce ga sarakuna su gyara mulkinsu kafin abin da ya sami takwarorinsu na Indiya ya same su, kuma sarauta gyararriya ya fifita. Alhaji Mudi Sipikin na Kano ne ya mayar masa da martani da waƙar da ta tsaya a kan cewa jamhuriya kawai ta dace da Arewa. Wanda ya ajiye waƙoƙin biyu gefe da gefe ya sami misalin gida na abin da kalmar ke nufi a tushenta, ya kuma gane cewa sukar zaluncin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, daban take da neman a kawar da sarauta.

Bayan an tattara wannan duka, sai a zauna a rubuta ma'anar tushe a jimla ɗaya, a kuma hana ta faɗaɗa. Ɗan jamhuriya shi ne mai ra'ayin cewa shugabancin ƙasa ba gadon wani gida ba ne, kuma iko daga jama'a yake fitowa. Iyakar abin da kalmar ta yi alkawari ke nan. Ba ta ce za a yi zaɓe na gaskiya ba, ba ta kuma ce mai ita ɗan ra'ayin riƙau ne ko ɗan ra'ayin sauyi ba. Birtaniya da Japan da Sifaniya ta yau suna da sarakuna kuma suna gudanar da zaɓe, Koriya ta Arewa kuwa tana da jamhuriya a sunanta alhali gida ɗaya ke mulkinta tun 1948, daga kaka zuwa ɗa zuwa jika. A maƙwabtanmu ma, lokacin da Gnassingbe Eyadema na Jamhuriyar Togo ya rasu a 2005, ɗansa ne ya hau kujerar. Saboda haka jamhuriya da dimokuraɗiyya kalmomi biyu ne, kuma ɗalibin da ya musanya su a takardar jarrabawa bai kamata ya yi ƙorafi ba idan aka rage masa maki.

Haka nan jamhuriya daban take da 'yancin kai, kuma tarihinmu da na Nijar ya isa misali. Nijeriya ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoban 1960, amma Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ci gaba da zama shugabar ƙasa, Gwamna-Janar yana wakiltarta, har zuwa 1 ga Oktoban 1963, lokacin da Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa, aka kuma daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Nijar kuwa ta bi akasin wannan hanya: ta zama jamhuriya ranar 18 ga Disamban 1958 tana ƙarƙashin inuwar Faransa, sai ranar 3 ga Agustan 1960 ta sami 'yanci. A lura kuma cewa zaman Nijeriya jamhuriya bai taɓa gadon sarautar Zazzau ko na wata masarauta ba, har ma Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa ta ci gaba da zama a Kaduna sai da sojoji suka kifar da gwamnati a watan Janairun 1966. Kujerar da aka cire daga tsarin gado ita ce ta shugaban ƙasa. Mutum yana iya zuwa Ƙofar Fada kallon hawan sallah ya yi wa Sarki jinjina, kuma a ma'anar tsarin mulki ya kasance cikakken ɗan jamhuriya.

Yanzu an zo wurin aiki da abin da aka sani. Duk lokacin da kalmar Turancin ta bayyana a rubutun da ake fassarawa, a dakata a yi tambaya uku: a wace ƙasa ake magana, a wace shekara, kuma da wa wannan mutum yake jayayya? Tambayar ƙarshe ta fi sauran amfani, domin abokin hamayya ne yake bayyana ma'anar.

A Birtaniya ko Ostireliya, abokin hamayyar gidan sarauta ne, saboda haka ma'anar tushe ce ke aiki, kamar a ƙuri'ar raba gardamar Ostireliya ta 1999, inda kimanin kashi 55 cikin 100 suka ƙi amincewa da komawa jamhuriya. A nan "masu son a soke sarauta" ta fi kowace fassara fitar da ma'ana. A Sifaniya ta 1936 zuwa 1939, waɗanda ake nufi su ne masu kare gwamnatin jamhuriya da aka kafa a 1931 daga sojojin Janar Franco, kuma cikinsu akwai 'yan gurguzu da ƙungiyoyin ƙwadago, don haka "dakarun gwamnatin jamhuriya" ya dace da su. A Ayalan ta Arewa, ana nufin masu neman yankin ya fita daga Birtaniya ya haɗe da Jamhuriyar Ayalan, irin su jam'iyyar Sinn Fein, kuma idan aka ce musu 'yan jamhuriya kawai babu ƙarin bayani, mai sauraro a Sabon Gari ba zai san abin da ake rigima a kansa ba.

Amurka ce ta fi rikitarwa, saboda labarinta ne ya fi yawa a rediyo. A can babu gidan sarautar da ake jayayya da shi, kuma tsarin mulkinsu ya lamunce wa kowace jiha gwamnati irin ta jamhuriya, don haka a ma'anar tushe manyan jam'iyyun biyu duk 'yan jamhuriya ne. Kalmar a wurinsu sunan jam'iyya ce, wadda aka kafa a 1854 domin adawa da faɗaɗa bauta zuwa sababbin yankuna, wadda kuma Abraham Lincoln ya ci zaɓe a ƙarƙashinta a 1860. Alaƙarta da ra'ayin mazan jiya daga baya ta zo. Sunan jam'iyya ba a fassara shi, kamar yadda ba a fassara sunan mutum, saboda haka "ɗan jam'iyyar Republican" ake rubutawa. Haka za a yi wa jam'iyyar Faransa da ta ɗauki irin wannan suna a 2015, da wasu biyu masu ɗauke da kalmar a cikakken sunansu, wato jam'iyyar CHP ta Turkiyya, da NRC tamu da gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1989, wadda Alhaji Bashir Tofa ya yi wa takara a zaɓen 12 ga Yunin 1993. Akwai alamar da ke taimakawa a rubutun Ingilishi: idan kalmar ta fara da babban baƙi a tsakiyar jimla, galibi jam'iyya ko wani sanannen ɓangare ake nufi, idan kuma da ƙaramin baƙi ne, ra'ayin ake nufi. Wannan alama ba ta aiki a kanun labari ko farkon jimla, kuma kunne ba ya jin ta, saboda haka mai fassara daga murya dole ya dogara da tambayoyin nan uku.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi Hausa ita kaɗai. "Ɗan" da "'yar" da "'yan" suna nuna mai ra'ayi, kamar ɗan gurguzu, suna kuma nuna ɗan ƙasa, kamar ɗan Gana. Da yake kunnen mutanenmu ya saba da "Jamhuriyar Nijar" da "Jamhuriyar Benin", idan aka ce "'yan jamhuriya sun yi zanga-zanga a Landan", wani zai ɗauka mutanen Maraɗi da Damagaram mazauna Ingila ake nufi. Haka kuma "ɗan siyasar Jamhuriya ta Biyu" zamanin Shehu Shagari na 1979 zuwa 1983 yake nunawa, bai ce komai a kan ra'ayin mutumin ba. Maganin wannan shi ne a karon farko da kalmar ta fito a rubutu a kawo ta da cikakken bayani, a ce "masu ra'ayin jamhuriya, wato masu son a soke sarauta", daga nan sai a gajarta zuwa "'yan jamhuriya" a sauran wuraren. Idan labarin rediyo ne, inda mai sauraro zai iya kunna akwatinsa a tsakiyar magana, gara a maimaita cikakken bayanin ko da sau biyu ne.

Game da rubutun kalmar, za a ci karo da "jamhuriya" da "jamhuriyya" da "jumhuriya". Mai wasalin "u" ta fi kusa da Larabci, mai wasalin "a" kuma ita ta fi yawa a kafafen yaɗa labarai na yau. A zaɓi ɗaya a tsaya a kanta daga farkon rubutu zuwa ƙarshensa, amma idan ana kwafo jimla daga tsohuwar jarida ko baitin waƙa, a bar ta yadda mai ita ya rubuta. Kalmar tamace ce, saboda haka "jamhuriyar" ake cewa idan an jingina ta, kuma "Jamhuriya ta Huɗu" ake kiran wadda Nijeriya ta shiga ranar 29 ga Mayun 1999.